Ranar Da Marwan Ya Roƙi Bappansa

Jini ne ya riga kiɗi fitowa. Marwan ya dubi ɗigon da ya sauka daga yatsansa a kan fatar molon, ya goge da bakin riga, ya sake kai wa tsirkiya cafka.

"Aje shi," in ji Baba Illo. "Molo ba jakin kai taki ba na, ba a yi mai dukan hushi."

Tsohon yana zaune a kan buzunsa a inuwar bedin ƙofar gidansa a Unguwar Lalle, idonsa a lumshe kamar mai gyangyaɗi, alhali ko ƙuda ya taɓa tsirkiya sai ya ji. Daga Gangara har Isa, har tsallaken iyaka, babu gidan da bai san molon Illo ba.

Shi kuwa Marwan babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarsu. Jikan Abu na Tsamaye ne, manomin da har yau ake misali da gandunsa. Abin da ya durƙusar da shi a gaban mai molo abu biyu ne: son Mas'uda ɗiyar Baba Illo, da wata wuta da ke cin ƙirjinsa.

Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, don haka da maganar aure ta taso, wan mahaifinsa ne zai je nema, kamar yadda aka gada. Wato Bappa Alhaji Halliru, babban ɗan kasuwar Isa mai kai kaya Maraɗi. Sai ya tara dangi, ya kishingiɗa, ya ce, "Ɗiyar maroƙi? Ina raye? Jinin roƙo ba shi shiga gidan Abu. Yaro ya nemi wata."

Marwan ya yi kuka, ya haɗiye. Ya ce babba ne, wataƙila ya hango abin da yaro bai hango ba.

Ashe kura ce aka ba ajiyar nama! Damina ba ta yi nisa ba sai ga goro daga Isa ya sauka a gidan Baba Illo. Alhaji na nema wa ɗansa na cikinsa, Kamaluddeen, wanda ya ga yarinyar a kasuwar Sabon Birni ya kasa barci. Sharaɗi ɗaya kawai aka gindaya: tsohon ya rataye molo, a buɗe masa shago, a biya masa kujerar Makka. Kai jama'a, Allah wadaran naka ya lalace! Jinin da ya yi wa maraya ƙazanta, ga ɗan Alhaji sabulu yana wanke shi.

Baba Illo bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a dakata sai an yi kaka, yarinya kuma sai ya ji ta bakinta.

Washegari Marwan ya zo ya tsuguna ya ce molo yake so ya koya. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Na san mi yak kawo ka," ya ce. "Za ni koya ma, don ba a korar mai neman sani. Amma ka ji da kunnenka: wanda duk yay yi ma jininai zambo da molona, ba ɗana ba na, ba surukina ba na. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Ya ji ɗin, amma zambo yake jira, waƙar habaici mai tsirara mutum a tsakar kasuwa. Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Sai dai koyon molo ba cin tuwo ba ne. Tsohon ya fara hana shi buɗe baki gaba ɗaya. Tsirkiya uku ce, amma ɗaya tilo aka bar masa, babbar mai kaurin murya, ya yi ta bugawa har ƙauyen ya gaji da shi. Ya koyi matsa ɗaurin fata a jikin gora har murya ta zauna daidai. Ya koyi shanya molon a rana idan danshin damina ya sa fata ta saki, don molo mai sanyi muryar mai mura gare shi. Yatsunsa suka fashe, suka warke, suka yi kanta. In ya yi kuskure tsohon ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Kunne shi ka kiɗi, hannu bara na. Sake."

A Tsamaye kuwa mahaifiyarsa, Inna Tasalla, ta rasa inda za ta sa kanta. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa.

"Kai wanga, so kaka yi ka kashe ni?" ta ce tana share hawaye da gefen zane. "Mata na yi min dariya bakin rijiya. Wai jikan Abu ya aje kalmen noma ya rungumi icce shina yi mai susa."

"Inna, ki yi min addu'a dai."

"Addu'ar mi? Ni na haihe ka, na san idonka. Wanga ba idon mai koyon sana'a ba na."

Ya sunkuyar da kai.

Da gero ya fara fitar da kai, Baba Illo ya buɗe masa sauran tsirkiyoyin, ya shiga koya masa taken mutanen da. Kowane gwarzo na ƙasar Gobir da nasa kiɗan, manoma da maharba da fatake, wasu sun yi shekaru aru-aru a ƙasa amma hannun makaɗa bai manta da su ba. Marwan ya roƙi a koya masa zambo, tsohon ya yi kamar bai ji ba.

Wata rana da hantsi sai ya karɓi molon, ya gyara zama, ya saki wani kiɗi mai nauyi, mai tafiya sannu kamar shanun huɗa. Tsigar jikin Marwan ta tashi bai san dalili ba.

"Taken kakanka na," in ji tsohon. "Ubana yab buga mai shi ranar gayya. Ka riƙe shi da kyau. Bagobiri ba shi jin taken ubanai shina zaune. Ko sarki na, sai ya miƙe, sai kuma ya ba makaɗi abin da ag ga jikinai. Wanda yaƙ ƙi, ya tsine ma kabarin ubanai da kainai."

Wani murmushi ya suɓuce wa Marwan, irin wanda bai kamata a gani a fuskar saurayi ba.

Daga ranar bai ƙara tambayar zambo ba. Taken Abu ya sa a gaba, safe da yamma, har ya fi na bakin tsohon zaƙi.

Ana cikin yankan gero katin biki ya zo. Alhaji Halliru zai aurar da ɗiyarsa Nusaiba a Isa, kuma ya gayyaci Baba Illo da iyalinsa. Ba a matsayin makaɗi ba, a'a, a matsayin babban baƙo, ya zo hannu rabbana a zaunar da shi a kan darduma, duniya ta ga yadda Alhaji ke wanke mutum.

Ana jibi biki, bayan la'asar, Mas'uda ta kawo wa Marwan fura a zaure. Ta ajiye kwanon, amma ba ta juya ba. Ta tsaya jikin bango tana murza bakin mayafinta.

"Yaya Marwan, mi kaka shiryawa?"

"Kiɗi nika koyo."

"Kada ka maishe ni yarinya. Daga ɗaki nika jin ka. Take guda kaka bugawa, kuma yadda kaka buga shi tsoro shika ba ni."

Ya kawar da kai. Sai ga hawaye sun zubo mata.

"Ka saurare ni don girman Allah. Baba ya tambaye ni, na hwaɗa mai gaskiya, nic ce kai nika so, ko da garin kwaki za mu kwana. Jiya na ji shina gaya ma Innarmu, shi ba shi saida molonai, ba shi saida ɗiyatai. Bayan biki za shi maida musu goronsu. Kai za shi ba, Yaya Marwan! Yac ce in Bappanka ya ƙi tsayawa, limamin Tsamaye ya isa ya karɓa ma auren. Abu guda shika jira, ya ga ka riƙe hannunka."

Abin da ya yi wata da watanni yana roƙon Allah, ga shi an ɗora masa a tafin hannu. Ya kamata ya yi sujada. Amma zuciya mugun nama, sai ta ce masa: shi ke nan? Alhaji ya ci amana ya tashi ya kaɗe rigarsa?

"Shi kuma hwa?" ya ce. "Mutumen da yat tara dangi yak kira ki ƙazanta? Mutumen da ubana yab bar mai amanata? Ya sha ruwa ya kwanta lahiya lau?"

"Ni anka zaga, kuma na yahe."

"Ni ban yahe ba."

"To bar shi da Allah mana! Rashin samuna bai ishe su ba?"

"Bai isa ba, Mas'uda. A ɓoye za su ji wanga. Ni a gaban dangi anka muzanta ni. Innata ta zauna tana kuka, babu wanda yac ce mata ci kanki. Sai ya ɗanɗana a gaban mutane."

Ta durƙushe a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba, kuka ya ci ƙarfinta.

"Na roƙe ka da darajar Annabi. Kada ka tai Isa. Ka ce ba ka da lahiya, ka ce hanya ba ta da kyau, kowa ya san yadda hanyar ga take yanzu. Ka zauna Tsamaye kwana biyu rak, ni kuma in zama taka har mutuwa. Mi ya hi wanga sauƙi?"

"Na yi ma Baba alkawali ba ni yin zambo. Ba ni kuwa yi. Ko kalma guda ta zagi ba ta hita bakina."

"Wallahi ba ka san Baba ba."

"Na san abin da yac ce."

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi. "Ka zaɓa, Yaya Marwan. Ko ka riƙe ni, ko ka riƙe shi. Hannunka ba shi ɗaukar mu duka biyu."

Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ya san abin da yake yi. Furar ma bai sha ba.

Ranar biki Isa ta cika ta batse. An ɗaura aure da hantsi don baƙi su kama hanya da sauran rana. A ƙofar gidan Alhaji an kafa rumfuna, manyan 'yan kasuwa daga Sakkwato da Shinkafi da Maraɗi sun baje riguna, turare kamar a yanka da wuƙa. Alhaji Halliru na tsakiya cikin farar shadda mai aiki har ƙasa, Kamaluddeen a damansa yana latsa waya, Baba Illo a hagunsa a kan darduma, hannuwansa a kan gwiwa. Ga kuma sanƙira riƙe da lasifika, aikinsa ke nan, duk wanda ya yi kyauta ya shelanta wa duniya.

Sai ga Marwan ya ratso taro da molo a rataye.

Dangi suka fara kallon juna. Wani ya taso zai tare shi, wani dattijo ya riƙe shi, don ba a korar makaɗi daga ƙofar biki. Marwan ya zo har gaban Bappansa, ya tuɓe takalmi, ya zube a ƙasa irin zaman maroƙa, ƙafa ɗaya a naɗe. Ya matsa ɗaurin fata. Ya saki taken Abu.

Wayyo, wanda bai ji kiɗan nan ba an yi ba shi! Surutu ya ɗauke ɗif. Tsofaffin da suka san Abu da ransa suka fara gyaɗa kai. Sannan Marwan ya buɗe baki, karo na farko a gaban mutane:

"Abu na Tsamaye, garma ci ƙasa,
Mai gandun da tsuntsu ka gajiya bai ƙetare ba,
Abu mai riƙon maraya, mai cika alkawali,
Ga ɗanka Halliru, magajin halinka,
Halliru uban marayu, a ba maroƙi!"

Babu zagi ko ɗaya, yabo ne tsantsa. Amma kowa a rumfar nan ya san labarin goron da aka kai Unguwar Lalle, kuma kowa ya san wane ne maroƙin.

Fuskar Alhaji ta yi baƙi ƙirin. Gumi ya karyo masa daga ƙarƙashin hula. In ya zauna, ya ji taken ubansa ya ƙi tashi a gaban Gobirawa. In ya tashi ya ba da kyauta, da hannunsa ya shaida cewa ɗan ƙanensa maroƙi ne, jinin roƙon da ya rantse ba ya shiga gidan Abu ga shi a tsakar gidan yana miƙa hannu. Wayoyi kuwa sun tashi sama ta ko'ina, samari na ɗauka.

Marwan ya ƙara wa kiɗan wuta, idonsa cikin idon Bappansa. Daɗin da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba, har cikin ƙashinsa.

Ƙafafun Alhaji suka miƙe da kansu. Ya tuɓe babbar rigar, ya jefa wa yaron a kafaɗa.

Shi kuwa sanƙira, bakin da ya saba ba ya tambayar kai. Kafin wani ya ƙifta masa ido ya riga ya kwarara a lasifika:

"Jama'a ku shaida! Alhaji Halliru ya ba maroƙinai Marwan, jikan Abu na Tsamaye, riga 'yar dubu! Allah shi maida!"

Wata dariya ta fashe daga bayan rumfa, ta bazu kamar wutar kara. Mata suka leƙo ta zaure. Kamaluddeen ya taso da zagi, aka rirriƙe shi. Alhaji ya koma ya zauna daɓas daga shi sai 'yar ciki, ya rufe fuska da hannu biyu, babban mutum kamar an tsamo shi daga rijiya.

Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Marwan ya ɗago yana haki, ya juya wajen malaminsa.

Baba Illo ya riga ya miƙe. Ya tako sannu, ya miƙa hannu. "Kawo."

Marwan ya ba shi molon. Tsohon ya zaro 'yar wuƙar da yake fasa goro da ita, ya sa a tsirkiyar farko. Tas! Ta biyu. Ta uku. Dariyar mutane ta mutu.

"Baba!" Marwan ya zabura. "Ban zagi kowa ba! Kowa shaida na, yabo niy yi!"

"Na ji. Kuma ban taɓa jin wanda yab buga taken ga kamar kai ba, har ni." Idon tsohon ya cika da ƙwalla. "Da zambo kay yi, da na ce ƙuruciya ta, in yi hushi in huce. Kai mataccen kakanka kat tono daga kabari kay yanka ɗanai da shi. Na ba ka abin da ubana yab bar min, ka maishe shi wuƙa. Mai iya yanka da yabo, ran da ɗiyata ta ɓata mai rai, da mi za shi yanka ta?"

Ya juya wajen Alhaji. "Kai kuma, goronka na nan cikin mota, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ɗiyata ba ta shiga gidan da bappa ka cin amanar ɗa. Ba ta kuma shiga hannun ɗan da ka tsirara bappa. Gidan Abu ya ishe ni, ku riƙe junanku."

Ya ajiye molon a gaban Marwan, ya nufi bakin hanya.

Sai ga Mas'uda ta fito daga zaure, mahaifiyarta na biye. Lallen biki na hannunta, kwalli ya zubo mata har haɓa. Marwan ya taso da gudu, rigar Alhaji na ja a ƙasa daga kafaɗarsa.

"Mas'uda, ki yi mai magana! Ke kika iya da shi. Wallahi don ke niy yi!"

Ta tsaya. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi rigar.

"Don ni?" ta ce a hankali. "Ni na durƙusa ma a zaure, kwana biyu rak na roƙa. Ban kai kwana biyu ba a wurinka."

"Ki yahe min, zuciya ta..."

"Na yahe ma Bappanka da yak kira ni ƙazanta, don shi bai taɓa cewa shina sona ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Ka ci nasara, Yaya Marwan. Barka da riga."

Ta bi bayan mahaifinta ta shiga mota. Ya yi ta kiran sunanta har motar ta hau titi, ba ta waiwayo ba.